Isaac Asimov, marubucin da ba ya cutar mai karatu

Akwai masu ilimi da yawa, har cikin manyan ma'aikata, waɗanda ke ɗaukar littattafan binciken kisan kai da na labarin duniyar gobe tamkar tatsuniyar yara, abin da mutum zai karanta cikin mota ya yar. A ganinmu sun yi kuskure, kuma shaidarmu ita ce rayuwar Isaac Asimov da aikinshi.

An haife shi a ƙauyen Petrovichi, ƙasar Rasha, wajen farkon shekara ta 1920. Cikin 1923 iyayenshi suka yi ƙaura zuwa Amurka, suka zauna unguwar Brooklyn ta birnin Niyok, inda uban ya buɗe kantin alewa da jaridu. Yaron ya koyi karatu da kanshi tun bai shiga lakkwal ba, kuma a kantin nan ya fara karanta mujallun labarun kimiyya da ake saidawa. An buga labarinshi na farko cikin 1939, ya samu digirin dakta kan ilimin sinadarai cikin 1948, ya koyar a jami'ar Boston. Littattafan da ya rubuta ko ya shirya sun kai ɗari biyar. Ya rasu ran 6 ga watan Afirilu 1992; sai bayan shekara goma iyalinshi suka bayyana cewa cutar sida ce, wadda ya ɗauka ta jinin da aka ƙara mishi lokacin aikin zuciya cikin 1983.

Yawan littattafai ba shi ne ya dame mu ba. Abin lura shi ne littafi guda na 1954, wanda masu karanta faransanci suka sani da sunan Les Cavernes d'acier, wato kogunan ƙarfe. Editanshi, John Campbell, yana ganin ba a iya haɗa labarin bincike da labarin duniyar gobe, domin marubuci na iya ƙago wata na'ura a shafin ƙarshe wadda za ta nuna mai laifi, mai karatu ya tashi an cuce shi. Asimov ya ɗaure kanshi da sharaɗi: duk ƙa'idar duniyar da ya ƙaga sai ya shimfiɗa ta tun farko, kuma ba ya sake ta idan labari ya yi tsauri.

Ga yadda abin yake. Mutanen Niyok suna zaune cikin wani ƙaton birni rufaffe, har sun kai ga tsoron fita fili. An kashe wani masani, aka ba ɗan sanda Elijah Baley binciken, aka haɗa shi da abokin aiki, Daneel Olivaw, wanda mutum-mutumi ne mai kama da ɗan Adam. Tun 1942 Asimov ya kafa wa irin waɗannan na'urori dokoki uku, babbarsu ta hana su cutar mutum. To mutum ba ya iya ƙetare fili, na'ura ba ta iya kisa. Wa ya yi ke nan? Sau biyu Baley ya ɗora zargi inda bai kamata ba, ya sha kunya. Ba za mu faɗi mai laifin ba, kada mu ɓata wa wani daɗin karatu, amma wanda ya lura da wani tabarau da ya fashe tun farkon littafin yana iya riga ɗan sandan ganewa.

Wannan shi muke kira girmama mai karatu. An ba ka hujja duka, an bar ka ka auna da hankalinka, kamar alƙalin da aka kawo wa shaidu ba a ɓoye ko ɗaya ba. Rahotanni nawa na ofis ke yi wa mai karanta su wannan adalci?

Masu suka sun ce maganarshi ba ta da ado, mutanen labarunshi sun cika zama suna mahawara, mata kuma kaɗan ne cikin littattafanshi na farko. Zancen mata gaskiya ne, har ma akwai wanda ya fi shi muni: an san shi da taɓa mata ba da yardarsu ba a wuraren taro, kuma hazaƙa ba ta wanke wannan. Amma zancen rashin ado ba mu karɓe shi ba. Da gangan ya zaɓi magana miƙaƙƙiya, domin wanda bai yi dogon karatu ba ya bi shi har ƙarshe.

Sannan littafin ya taɓo abin da ya zama damuwar yau, da kwamfuta ta fara rubutu da fassara. Talakawan birnin sun ƙi jinin na'urorin ne saboda suna karɓe musu aiki, shi kanshi Baley yana tsoron a maye gurbinshi. Akwai wurin da jama'a suka taru za su fasa wani kantin takalma don an sa na'urori saida kaya. Asimov yana son na'ura, amma bai maida mutanen nan wawaye ba, ya bar su da hujjarsu ta abinci. Daneel ya watsa taron da bindiga a hannu, daga baya aka gane ba ta iya harbi. Dokokin uku kuwa cikin labari kaɗai suke: na'urorin da ake ƙerawa yanzu ba a gina su bisa kansu ba.