Numfashin gingimari, da tsadar ƙaramin bututu

A tashar Jabo ko ta Tambuwal, kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, har yanzu ana ganin tsofaffin gingimari ƙirar Marsandi 911 suna jiran lodin albasa ko gero daga ƙauyukan Kebbe. Idan ɗaya ta tashi, takan bar tabon baƙin mai a inda ta kwana. Mai mota yakan ɗora laifin a kan tsufa, ya sayi galan ya ƙara. Sau da yawa ba tsufa ba ne. Injin ne ya kasa numfashi.

Duk lokacin da gas ya ƙone a saman fistin, wani kaso na hayaƙin yakan kuɓuce ta gefen ringi ya gangara cikin tumbin inji, inda baƙin mai yake. Ko sabon inji yana yin haka. Shi ya sa maƙera suka bar masa mafita: a tsofaffin injinan dizal, wata 'yar tukunya ce mai raga a ciki, wadda ke tare ɗigon mai ta mayar da shi, sannan bututu ya fitar da hayaƙin. A Amurka, jihar Kalifoniya ta fara amfani da bawul mai mayar da wannan hayaƙi cikin inji tun 1961, amma wannan labarin motocin fetur ne. Gingimarin Jabo na zamanin buɗaɗɗen bututu ne.

Ƙurar hunturu kuwa ba ta raga wa buɗaɗɗen abu. Idan ta haɗu da tururin mai sai ta zama kwaɓaɓɓen laka, raga ta toshe. Hayaƙin da ya rasa ƙofa zai nemi wata da ƙarfi: ya ture sil ɗin kurankishaf, ya tsatso ta gasket, wani lokaci har ya ɗaga sandar awon mai. Bakanike mai gaggawa zai canza sil, ya karɓi kuɗinsa, bayan mako biyu yoyon ya dawo. Mafi muni shi ne wanda zai toshe bututun da tsumma don ya daina ɓata jikin inji. Wannan ba gyara ba ne, shaƙewa ce. A wanke ragar da kananzir duk lokacin juyen mai, aikin rabin sa'a ne.

Ai ko sunan motar darasi ne: 9 na nufin nauyin tan tara, 11 kuma ƙarfin doki 110. Abin da ake ɗora mata a yau ya wuce wannan lissafi nesa, kuma lodi mai yawa yana ƙara hayaƙin da ke kuɓucewa.

Sai batun kayan gyara, inda matsalar ta fi zurfi. Marsandi ta fara ƙera wannan zubi mai gajeren hanci a 1959, ta daina a 1995. Injin OM 352 mai silinda shida da ke cikin yawancinsu ya fito a 1964. An ƙaddamar da kamfanin ANAMMCO na Enugu, mai haɗa manyan motocin Marsandi, a 1980, a zamanin da Steyr ke Bauchi, Fiat kuma ke Kano. Wancan zamani ya wuce, dillalansa sun watse. Yau mai mota a Tambuwal yana dogara ne da Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko ya yi waya Nnewi da Ladipo. Fistin da ringi da famfon mai ana samunsu, na asali da na jabu, domin suna da kasuwa. Tukunyar numfashi ba ta da kasuwa; mai farfasa tsohon inji yakan jefa ta cikin ƙarafan kilo. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, odar ƙaramin abu daga waje ta zama wauta a idon ɗan kasuwa.

Wasu za su ce a bar waɗannan motoci su mutu, a sayi sababbin ƙirar Sin. Maganar tana da ƙamshin gaskiya a kan kwalta. Amma hanyar ƙauye da damina ba ta san sabuwar mota ba, kuma inji marar kwamfuta ne kaɗai bakaniken gari zai iya buɗewa a gindin bishiya, kafin albasa ta ruɓe.

Abin da ya rage a hannun masu motar ne da ƙungiyoyinsu. Har yau ana aika karen mota Kano da tsohon ƙarfe a leda, a ce ya nemo irinsa, ya dawo da mai kama da shi wanda bai zauna ba. Lambar inji tana nan a buge a jikinsa. Rubuta ta a littafi, a yi saye da ita, ba ya cin ko kwabo. Ƙungiyar direbobi da ta makanikai a Tambuwal za su iya sayen mataccen inji guda su ajiye, su ware ƙananan kayansa kafin mai kilo ya iso.