Kasuwar Malaman Turanci a Ƙetare Fasfo Take Saye

Akwai wata shawara da ta zama ruwan dare a bakin 'yan boko, kuma lokaci ya yi da za mu daina ba da ita. Yaro ya gama karatun koyar da Turanci a Kwalejin Ilimi ta Maru ko Jami'ar Tarayya ta Gusau, ya koma Anka ko Gummi ko Bukkuyum yana jiran aiki, sai wani yayansa da ke Abuja ya ce masa: "Ƙanena, sayi kwas ɗin TEFL a intanet, duniya na neman malaman Turanci." Duniya na nema, gaskiya ne. Sai dai ba shi take nema ba, kuma mai shawarar bai taɓa karanta sharuɗɗan ba.

A duba Koriya ta Kudu, wadda ta fi yawa a tallace-tallacen. Bizar da ake ba malaman Turanci, wato E-2, an gina ta ne a kan 'yan ƙasashe bakwai: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ireland, Ostireliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. Nijeriya, inda ake karatu da Turanci tun daga firamare har digirin digirgir, ba ta ciki. Ko da yaron ya fi Bature iya nahawu, tun daga bangon fasfonsa an gama magana. Birtaniya kuwa ta buɗe wa malaman Nijeriya ƙofar neman shaidar QTS a watan Fabrairun 2023, aka yi ta shewa a jaridu, amma ƙofar ta masu lissafi ce da kimiyya da wasu harsuna, ban da Turanci, kuma sai mai digiri wanda ya riga ya koyar. Mai NCE da ya fito jiya ba ya cikin lissafin. Koyar da yaran Sin ta intanet, wanda ya ciyar da dubban mutane, shi ma ya durƙushe a 2021 lokacin da gwamnatin ƙasar ta taka wa kamfanonin darasi burki.

Ita takardar fa? TEFL ba sunan wata hukuma ba ce, kowa na iya buɗe shafi ya buga ta ya sayar. Wadda makarantun kirki suka sani ita ce irin CELTA ta Cambridge, mai awa 120 da koyarwa a gaban ɗalibai na gaske ana duba ka, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin gidan manomi. Saboda haka abin da ke faruwa shi ne, uwa ta sayar da tumakinta, ɗa ya sayi takarda mai arha, ya aika wasiƙu ɗari babu amsa, daga nan sai ya faɗa hannun dillalin da zai ce masa ya shiga da bizar yawon buɗe ido, a gyara daga baya. Wanda ya koyar da irin wannan biza ba shi da inda zai kai ƙara ranar da aka hana shi albashi.

Akwai kuma ɓangare na biyu na masu surutu, waɗanda da zarar sun ji yaro na son fita sai su hau wa'azin kishin ƙasa. Su ma ban yarda da su ba. Mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 da aka sa wa hannu a 2019 bai fara aiki a Zamfara ba sai 2024. A watan Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. Wanda ke zaune a Gwarimpa yana cewa malami ya daure ya zauna a ƙauye, ya fara hawa motar Anka zuwa Bagega sau ɗaya tukuna.

Kuma da gangan na ambaci Bagega. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sakamakon niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Bagega ita ce ta fi girma a cikin garuruwan da abin ya shafa, ita ce kuma aka bari a baya: sai a 2013 aka share ƙasarta, bayan dogon jiran kuɗin gwamnatin tarayya, sannan likitocin MSF suka iya fara yi wa yaranta magani. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana rage kaifin fahimta da natsuwa, kuma illar ba ta komawa. Yaran da suka tsira yanzu samari ne da 'yan mata, kuma za su zauna WAEC da NECO inda faɗuwa Turanci ke rufe hanyar jami'a. Da wuya a sami wani gari a Nijeriya da ya fi wannan buƙatar malami mai haƙuri da horo na musamman. Gwamnatin Zamfara ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2023. Idan da gaske take, ta sa alawus na musamman da gida da tsaro ga duk malamin da zai yi shekara biyu a Bagega, ta kuma ba shi rubutacciyar shaida mai hatimi.

Wannan shaidar ita ce mabuɗin fitar ma, domin ƙofofin da ke buɗe ga ɗan Nijeriya kusan duk gogewa suke tambaya. Shirin TAC, wanda aka kafa a 1987, yana tura ƙwararru har da malamai zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik na shekara biyu. Shirin FLTA na Fulbright ya sha ɗaukar matasan malaman Turanci su je jami'o'in Amurka na shekara guda, kuma cikin abin da aka so su koyar a can akwai Hausa, harshen nan da wasu iyaye ke hana 'ya'yansu yi a gida. Sannan ga Nijar a bayan gida. Kundin da gwamnatin sojin ƙasar ta fitar a 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya sa Turanci kafaɗa da kafaɗa da Faransanci a matsayin harshen aiki. Malamin da zai iya warware wa ɗan Maraɗi nahawun Turanci da Hausa yana da abin da Baturen Landan ba shi da shi. Albashin ba na Seoul ba ne, amma babu dillali a tsakani, kuma Maraɗi ta fi Legas kusa da Anka.

Don haka idan ƙanenka ya kira ka daga Gummi yana tambayar hanya, kada ka tura masa talla. Ka buɗe shafin ofishin jakadancin ƙasar da yake buri, ku karanta sharuɗɗan bizar tare. Ka tambaye shi ko ya yi rajista da TRCN, ko zai iya ɗora digiri a kan NCE ɗinsa, da kuma wanda zai sa masa hannu a kan shekarun da ya koyar. In kana da kuɗin taimako, a nan za ka zuba su.