Daga Aziziyya: Kafaɗar Da Ta Ƙi Ɗaguwa

A wannan wata za mu yi magana a kan wani ciwo da ya ke damun mutanenmu a nan Aziziyya, watau ciwon kafaɗa.

Abin da ya jawo maganar, wani ɗan'uwanmu, uban ɗaya daga cikin almajiranmu, wanda sana'arsa ɗora akwatunan alhazai a bisa mota, ya zo mana makaranta da hannu a rataye da rawani. Da fari sai zai sa riga ya ke jin zafi, da kuma dare in ya kwanta a kan gefen. Aka ce ya ɗaure hannun ya huta. Ya ɗaure har wata biyu. Yanzu ko hularsa ba ya iya gyarawa, ga iyali, ga kuɗin haya.

To, mene ne asalin abin? Kafaɗa ma tana da allonta, kamar almajiri. Daga allon nan wani ƙashi ya miƙo ya yi rumfa a bisa kan ƙashin dantse. Tsoka huɗu ne su ke riƙe da gaɓar, jijiyar ɗayarsu kuwa ta ƙarƙashin rumfar nan ta bi, ta wata 'yar ƙofa da ba ta fi kamar santimita 1 ba. In mutum ya yawaita aiki da hannu a sama, sai jijiyar ta gaji ta kumbura, ta riƙa gogar rumfar, kamar yadda igiyar guga ta ke gogar bakin rijiya. Wani likitan Amurka, Charles Neer, shi ne ya bayyana wannan sarai a 1972.

Alamarsa ba ta da wuyar ganewa. Ka ɗaga hannu ta gefe: a ƙasa lafiya lau, da ya doshi daidai kafaɗa sai zafi ya soke ka, in ya wuce sama sosai kuma ya sassauta. Ya fi kama wanda ya ba shekara 40 baya.

Magani na fari, a rage aikin sama, amma kada a ɗaure hannu. Gaɓar da aka hana motsi ƙagewa ta ke yi, balle ga mai ciwon sukari. Na biyu, motsa ta da ƙa'ida, safe da yamma. Ka dafa tebur ka sunkuya, ka saki hannun ya yi lilo. Sa'an nan ka fuskanci bango, yatsunka su hau shi sannu sannu, ka tsaya inda zafi ya soma. Kana ka manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ka tura bayan hannu jikin ƙyaure, ka ƙirga goma, ka saki. Wannan shi ke ƙarfafa waɗansu daga cikin tsokar nan huɗu. A asibiti akwai masu gashin ƙashi da za su nuna maka daidai da ciwonka. Sai dai abin yana bukatar mako 6 zuwa 12, wani ma ya fi haka. Sannu ba ta hana zuwa.

Farasitamol yana rage zafi. Ibuprofen kuwa, mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko hawan jini kada ya sha sai da izinin likita. Akwai allurar da a ke yi a gaɓar, tana kwantar da zafi na ɗan lokaci, amma tana ɗaga sukari. Ƙaho ba mu hana ba, in wurin wanda ya iya ne, da kaya masu tsabta. Sai dai a sani ba shi zai ƙarfafa tsoka ba. Lalas da tsaga, tabo kaɗai za su bari.

Masu gaggawar a yi musu aiki, su ji wannan. A 2018 aka buga sakamakon bincike biyu, ɗaya daga Ingila, ɗaya daga Finland. An kankare wa waɗansu ƙashin rumfar, waɗansu kuwa leƙawa kawai aka yi da madubi aka rufe. Daga baya aka ga babu wani bambancin kirki tsakaninsu. Don haka wuƙa ita ce ta ƙarshe.

Amma fa akwai inda ba a jira. Wanda ya faɗi, hannu ya ƙi ɗaguwa sam, watakila jijiya ce ta tsinke, ya ga likita cikin kwanakin nan. Wanda kafaɗarsa ta hagu ta yi nauyi tare da ƙirji, ga gumi, ga numfashi sama sama, wannan zancen zuciya ne, a kira motar asibiti nan take, lamba 997.

Ga saƙo kuma zuwa ga maniyyatanmu na Kumasi da Nima da Tamale. Tsakuwar jifa 49 ce, ko 70 ga wanda ya kai rana ta 13, kowace ba ta fi ƙwayar wake ba. A matsa kusa, a jefa a hankali. Ba ƙarfin dantse a ke nema ba. Wanda ya kasa, an yarda ya wakilta. Akwati mai nauyi kuwa, mutum biyu su kama.

Ɗan'uwanmu ya kwance rawani, ya soma hawan bango da yatsu. Mun shata masa alama da alli a bangon makaranta, kowane mako muna duba inda ya kai. Allah Ya ba shi lafiya, da mu baki ɗaya, amin.

Haza wasalamu, sai wata mai zuwa.