DAGA BAKIN ALLO: Mai Gadin Wasiƙa Ma Yakan Yi Kuskure



A watan jiya wani tsohon ɗalibina ya same ni a makaranta ransa a ɓace. Ya nemi gurbin karatu a wata jami'a, ya yi ta jiran amsa shiru. Ashe an kira shi intabiyu, amma wasiƙar ta faɗa cikin akwatin tarkacen imel ɗinsa, wanda Bature ke kira spam. Kafin ya gan ta, ranar ta wuce da mako biyu.

To, wa ya jefa ta can? Kowace wasiƙar imel sai ta bi ta wata babbar kwamfuta mai suna saba, wadda take kamar gidan waya. Tun 1978 wani ɗan kasuwa a Amurka, Gary Thuerk, ya aika talla ɗaya ga mutum kusan 400 a lokaci guda. Daga baya 'yan talla da 'yan damfara suka mai da abin sana'a, har ya zama dole a sa mai gadi a bakin saba.

Abu uku mai gadin nan yake dubawa. Na farko, daga ina wasiƙar ta fito? Akwai ƙungiyoyi irin su Spamhaus, wadda aka kafa a 1998, masu tara adireshin kwamfutocin da suka yi ƙaurin suna. Na biyu, mai aikowa shi ne da gaske, ko sunan wani ya ara? Nan ake duba izni da hatimi, wato SPF da DKIM. Na uku, me ke cikinta? Manhajar SpamAssassin maki take bayarwa kamar mu malamai, sai dai nata maki na laifi ne. A bisa tsarinta na asali, wasiƙar da ta kai maki 5 ta faɗi.

Amma garin neman gira akan rasa ido. Idan ɗan damfara ɗaya ya yi ɓarna ta wata saba, sai a toshe ta, masu gaskiyar da ke amfani da ita su sha tare da shi. Haka kuma ofishin da bai gyara hatiminsa ba, wasiƙarsa ta halal sai ta zama abin zargi. Tun 2024 Gmail da Yahoo suka ƙara tsananta wannan sharaɗi.

Saboda haka, masu kula da imel na makarantu da ƙungiyoyinmu na zango su sa wanda ya san aikin ya gyara musu SPF da DKIM. Mu kuma, musamman masu jiran amsar karatu ko aiki, mu riƙa leƙa akwatin tarkace ko da sau biyu a mako, domin Gmail na share abin da ya kwana 30 a ciki. In ka tsinci wasiƙar kirki, ka danna alamar cewa ba tarkace ba ce, mai gadin zai koya. In kuwa ta ce ka ci kuɗin gasar da ba ka shiga ba, bar ta nan. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ɗalibina dai sai baɗi. Allah Ya sa haka ne mafi alheri gare shi. Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.