ZANEN ARO BA YA RUFE KATARA

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, ranar 1 ga Oktoba 2024 wasu daga cikinmu 'yan ƙasar Tambuwal da Kebbe muna gida, muka je kallon faretin 'yan makaranta na bikin samun mulkin kai. Da aka zo rera taken ƙasa sai wani malami ya zaro wayarsa ya kanga ta a bakin lasifika, yara suka ƙame suna motsa baki kamar masu tauna ƙanzo. Ba yaron da ya riƙe baiti guda. Mutum ɗaya ne ya bi waƙar daga farko har ƙarshe, wani dattijo da ya yi firamare a zamanin Sardauna, da aka ƙare kuwa ya juyo ya tambaye mu ko Turawa ne suka dawo. Mun yi dariya a wurin, amma tambayar ta biyo mu har makaranta, ita ce kuma ta sa muka ɗauki alƙalami.

Ga wanda ya manta, bari mu tuna masa. Taken da Nijeriya ta karɓi mulkin kai da shi a 1960 wata Baturiyar Ingila ce mai suna Lillian Jean Williams ta rubuta baitocinsa, wata Baturiyar kuma ta ɗora masa kiɗa. A 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta jingine shi, aka haɗa sabon take daga baitocin 'yan Nijeriya 5, Benedict Odiase shugaban 'yan badujalar 'yan sanda ya tsara kiɗansa. Shekara 46 ana rera wannan. Sai ga shi a watan Mayu 2024 Majalisar Tarayya ta zartar da doka cikin 'yan kwanaki, Shugaba Tinubu ya sa mata hannu ranar 29 ga watan, aka tono tsohon take aka ce shi za mu koma yi. Ba a tambayi talaka ba, ba a tambayi ɗalibi ba. Abin kunyar shi ne, shekara guda kafin nan, a watan Yuni 2023, maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar ta yar da taken da wani Bafaranshe ya rubuta mata a 1961, ta yi nata. Su suna tuɓe rigar aro, mu muna zuwa kasuwar gwanjo neman wadda muka tuɓe.

Wani zai ce ai waƙa ce kurum, me ya yi zafi, alhali ga yunwa ga 'yan bindiga? Amsar wannan tana wurin Ingilishi su da kansu, domin ba su taɓa ɗaukar kiɗan ƙasa abin wasa ba. Mu dubi tarihin manyan masu tsara kiɗansu.

A watan Oktoba 1901 aka fara kaɗa macin nan na Edward Elgar, na ɗaya cikin jerin da ya kira "Pomp and Circumstance", a birnin Libaful. A 1902, shekarar naɗin Sarki Edward na 7, aka ɗora masa baitocin da ke roƙon a ƙara faɗaɗa iyakokin daular Birtaniya. To, ina iyakokin suka faɗaɗa zuwa? A watan Fabrairu 1903 sojojin Lugga suka ci Kano, a watan Maris suka ci Sakkwato, a watan Yuli kuwa aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi tare da ɗimbin jama'arsa. Ba mu ce Elgar ya harba bindiga ba. Mun dai ce addu'ar da mutanen Landan suke rerawa da murna, a kan kakanninmu ta faɗa.

Kafin shi akwai Thomas Arne, wanda ya tsara "Rule, Britannia!" a 1740, waƙar alfahari da mulkin teku da 'yancin Ingilishi, a daidai zamanin da jiragen ruwansu ke jidar bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma, cinikin da ba su haramta ba sai 1807. Akwai Hubert Parry da ya ɗora kiɗa a kan "Jerusalem" a 1916 domin ƙarfafa zukatan jama'a ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Akwai Gustav Holst, wanda aka ɗebi wani sashe na babban kiɗansa na taurari, "The Planets", aka mayar da shi waƙar kishin ƙasa a 1921. Akwai Handel, haifaffen Jamus da ya zama ɗan ƙasar Birtaniya, wanda ya tsara kiɗan naɗin Sarki George na 2 a 1727, kuma tun daga ran nan ba a naɗa sarki ko sarauniya a Ingila ba sai an rera shi, har zuwa naɗin Sarki Charles na 3 a watan Mayu 2023. Kowace shekara dubban mutane kan taru a zauren Albert da ke Landan, suna kaɗa tutoci suna rera waƙoƙin Elgar da Arne da Parry. A 2020 da BBC ta ce za a kaɗa biyu daga cikinsu ba tare da baitoci ba, ƙasar ta ɗauki zafi har firayim minista ya sa baki, tilas aka janye. Mutanen da suka yi wannan rigima a kan waƙa biyu, su ne za su yarda baƙo ya rubuta musu taken ƙasa?

Kada a ce ƙiyayya ce ke magana. Mun saurari waɗannan kaɗe-kaɗe, kuma wanda ya ji goge da sarewa da ƙaho kusan ɗari sun tashi gaba ɗaya cikin kiɗan Elgar, ya san gwani ne ya tsara. Ba mu zo rage wa gwani gwanintarsa ba. Abin da muke ƙi shi ne halin ɗan bokon da ya ɗauko rigar wani ya manta da ɗaukar dabarar da aka saƙa ta. Dabarar kuwa ga ta.

Bayan mutuwar Henry Purcell a 1695, Ingila ta yi kusan shekara 200 tana cin arzikin makaɗan Jamus da Italiya, har wani marubuci Bajamushe ya yi mata ba'a ya kira ta ƙasar da ba ta da kiɗa.  A watan Disamba 1903, wata tara bayan faɗuwar Sakkwato, wani saurayi da ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, Ralph Vaughan Williams, ya je ƙauyen Ingrave a lardin Essex, ya zauna gaban wani tsohon lebura ya rubuta waƙar da ya rera masa. Daga nan ya shiga ƙauyuka da alƙalami da takarda, cikin shekara 10 ya tara waƙoƙin talakawa sama da 800. A 1905 ya je wurin masuntan King's Lynn, a 1906 waƙoƙinsu suka fito cikin kiɗan da ya kira "Norfolk Rhapsody". A 1923 ya tsara wa 'yan badujalar soja wani kiɗa wanda tushensa duk waƙoƙin ƙauye ne. Ashe abin da muke ƙamewa muna kira kiɗan wayewa, wani sashe nasa waƙar manomi ce da masunci, aka wanke ta aka sa mata kwat.

Yanzu mu juyo gida. Ƙasar Sakkwato ba a taɓa yi mata gorin rashin waƙa ba. A nan aka yi Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, mai "Bakandamiya". A nan aka yi Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na 3, da Musa Ɗanƙwairo wanda ya rasu a 1991, da Sa'idu Faru, da Ɗan Anace mai waƙar 'yan dambe. Tambuwal kanta ribaɗin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ce, malami mawaƙi, ɗan'uwan Nana Asma'u wadda ta karantar da matan karkara ta hanyar waƙa. Kan hanyarmu ta zuwa Sakkwato muna ratsa garin Shagari, garin malamin makarantar da ya rubuta "Waƙar Nijeriya" da Hausa domin yara su san ƙasarsu, tun kafin ya zama shugabanta a 1979. Ƙasar da ke da waɗannan, ga kuma na Yarabawa da Ibo da Tibi da Barebari da sauransu, ita ce aka ce ta rasa mai yi mata baiti uku?

Wasu 'yan boko sukan yamutsa fuska su ce ai waɗannan maroƙa ne, masu wasa sarakuna don a ba su doki da riga. Mu tambaye su, Handel fa? Kiɗan naɗin sarauta ya yi, fada ta biya shi. Elgar kuwa a 1904 aka ba shi sarautar "Sir", a 1924 aka naɗa shi shugaban kiɗan Sarkin Ingila, wato Sarkin Kiɗa ke nan a harshenmu. Bambancin Elgar da Jankiɗi ba a sana'a yake ba, a wurin jama'arsu yake. Ingilishi sun buga hoton Elgar a takardar fam 20 a 1999. Mu kuwa ku jera takardun naira daga 5 har 1,000, ba za ku ga sunan makaɗi ko mawaƙi ko ɗaya ba.

Wasu kuma, cikin masu tsoron Allah, za su ce me ya haɗa ɗalibi Musulmi da kiɗa? Muna girmama wannan magana, ba ma kuma kiran kowa zuwa dandalin banza. Amma masu jihadi da waƙa suka isar da karatu ga makiyayi da matar kulle. Waƙar da uwa ke yi wa jinjiri, da wadda manoma ke yi a gayya, da kirarin maharba da masunta, taskar harshe ce da tarihi. Cikinsu akwai sunayen garuruwan da suka tashi, da irin gero da dawar da aka daina shukawa, da kalmomin Sakkwatanci da ba su cikin ƙamus. Wanda ba ya son ganga, to ya rubuta baitocin.

Abin da ya sa muke gaggawa shi ne taskar tana yoyo. Injin niƙa ya kashe waƙar niƙa, domin macen da ba ta durƙusa kan dutse ba ba ta da abin da za ta rera a kansa. Maganin feshi da aikin ƙwadago sun rage gayya, gangar noma ta koma rataye a zaure. Gaɗar 'yan mata ta dandali ta koma kallon waya. Ga kuma masifar 'yan bindiga da ta taɓa ƙauyukan ƙasar Kebbe da na Tambuwal, ta watsa mutane, tsofaffi suna ƙarewa a gidajen dangi a birni, ba mai tambayarsu komai. Ku tambayi kanku, a Kuchi ko Jabo ko Sanyinna ko Dogon Daji, tsofaffi nawa suka rage da za su iya kawo waƙar daka daga kai har gindi? Duk tsohuwar da aka kai makwanci, da littafinta aka rufe ta.

Ba mu ce ba a yi komai ba. Malamanmu irin su Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi aikin da ba za a manta ba a kan makaɗan baka. Amma abin lura ne cewa ƙamusun kalmomin kiɗan Hausa da aka buga a 1971 Turawa biyu ne suka rubuta shi, David Ames da Anthony King. Kuma galibin abin da aka adana na manyan makaɗan fada ne, waɗanda rediyo ya ɗauki muryarsu. Waƙar talaka, wadda Vaughan Williams ya bi ƙauye-ƙauye yana nema a ƙasarsu, ita ce a nan ba ta da gata.

Saboda haka ga abin da muke kira a yi.

Na farko, Ƙungiyar Ɗalibai ta zartar da ƙuduri, ta aika wa wakilanmu a Majalisar Tarayya, cewa a sake duba dokar 2024. Ba kuma komawa ga taken 1978 kaɗai muke nufi ba, domin shi ma da Ingilishi yake, a kan ƙirar badujalar Turawa. A buɗe gasa ga 'yan ƙasa, a kuma yi wa taken da ya ci fassara ta hukuma cikin manyan harsunanmu, yadda yaron Kebbe zai san abin da bakinsa ke faɗa.

Na biyu, kowane ɗalibi da zai tafi hutu ya ɗauki alkawarin komowa da waƙa 10 daga bakin tsofaffin garinsu. Shi Baturen da alƙalami ya yi nasa, mu kuwa kowa na da na'urar ɗaukar murya a aljihu. A nemi izinin mai waƙa, a rubuta sunansa da garinsa da ranar da aka ɗauka da aikin da ake yi da waƙar, a kuma ba shi goronsa. Ɗalibi 100 sun yi haka, hutu ɗaya ya wuce abin da Vaughan Williams ya tara a shekara 10. A kai kwafi Cibiyar Nazarin Hausa ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

Na uku, yayyenmu da suka kama aiki a ofisoshin ilmi da na ƙananan hukumomi, ku ne ke tsara bikin Oktoba da ranar yara. Ku ba waƙoƙin gida wuri a fareti, ku sa malamai su koya wa yara su. Ba sai an jira takarda daga Abuja ba.

Na huɗu, cikinmu a sami masu koyon rubuta kiɗa da tsara shi. Fela Sowande ya koyi wannan ilmi a Landan, ya ɗauki karin waƙoƙin Afirka ta Yamma ya gina "African Suite" da su. Ba abin da zai hana ɗan Tambuwal ya yi wa kotso da taushi da kakaki da algaita irin wannan hidima.

Mu da talakawa suka biya wa kuɗin karatu da gumin gonarsu, bashi ne a kanmu. Dattijon nan na filin fareti yana jiran amsa, ba kuma za mu amsa masa da dariya karo na biyu ba. Hutu ya kusa. Kowa ya tanadi wayarsa da littafinsa, ya fara da kakarsa. Allah Ya ba mu ikon cikawa, amin.