Na'ura ba ta san dala ba



Ɗan kasuwa ba ya karɓar buhun gero sai ya sa tiya ya auna. To, don me zai biya kuɗin shafin intanet na shagonsa ba tare da an auna shi ba? Wannan ita ce maganarmu ta wannan mako, kuma ta shafi ma'aikatan gwamnati da ake ɗora wa karɓar irin wannan aiki.

Ma'aunin yana nan, sunansa Selenium. Wani Ba'amurke, Jason Huggins, shi ya ƙago shi a Shikago a shekara ta 2004. A 2006 wani mutumin Japan, Shinya Kasatani, ya ba da nasa sashe mai suna Selenium IDE. Yadda yake aiki shi ne: mutum ya shiga shafi, ya cika takarda, ya danna wurin biya, na'ura tana riƙe da duk abin da ya yi. Daga nan sai ta dinga maimaitawa ita kaɗai, in wani abu ya lalace ta faɗa. Kyauta ake samunsa.

Amma fa na'ura ba ta gwada abin da ba a koya mata ba. Ba ta san lambar tarho a Nijar alƙaluma 8 ce bayan 227 ba. Ba ta san in muka rubuta 03/04, 3 ga Afrilu muke nufi, alhali a Amurka 4 ga Maris ce. Mu kan rubuta 10.000 da nufin jika goma, amma shafin da aka gina bisa lissafin Ingilishi yana iya karanta shi tamma goma. Ba ta san a Kasuwar Dole dala ɗari tamma 500 ce ba. Ga kuma ɓ, ɗ da ƙ: shafin da ya ƙi su, ya ƙi duk mai suna da ya fara da Ɗan.

Maganin abin shi ne ɗori. Masu Selenium sun bar ƙofa, yadda mai shirya shafi zai rubuta 'yan umarni nasa da harshen JavaScript, ya ɗora, su zama sabon gwaji. Wannan ba baƙon abu ba ne a Damagaram. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, bai tsaya ga bindigogin da fatake ke kawowa ba, sai da ya sa aka ƙera igwa a nan gida.

Sai dai a yi hattara. A 2017, da Firefox ta sake tsarinta, tsohon Selenium IDE ya daina aiki. An sake gina shi a 2018, kuma masu tsohon ɗori dole suka sake rubutu.

Saboda haka, Alhaji, kafin ka sa hannu, ka ce a gwada shafin a gabanka da kuɗinmu, da kwanan watanmu, da sunayenmu. Ka sa a rubuta cikin yarjejeniya cewa ɗorin naka ne, a ba ka shi a hannu, a kuma faɗi wanda zai gyara shi ran da ya tsaya. In mai aikin ya ƙi, riƙe kuɗinka.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.