Juriya a Ƙagaggun Labarai: Wane Littafi Ya Dace da Ɗalibin Gabashin Sakkwato?

Gabatarwa

Duk malamin Hausa da aka tura wata makaranta a Wurno ko Rabah ko Goronyo zai tarar da ɗaliban da suka san wahala tun kafin a koya musu ma'anar jigo. Yankin ƙasa ce mai albarka da tarihi. Gulbin Rima da madatsar ruwa ta Goronyo suna shayar da fadamun shinkafa da albasa da tafarnuwa, kuma a Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, a can hubbarensa yake tun rasuwarsa a 1837. Sai dai jarrabawa ta yi ta bibiyar mutanen wannan yanki. Ambaliyar 2010 ta cinye gonaki da gidaje a garuruwan da ke gaɓar Rima. A 2018 'yan bindiga suka far wa Tabanni ta ƙasar Rabah, jama'a suka yi gudun hijira zuwa Gandi. A watan Oktoba na 2021 aka kai hari kasuwar Goronyo, rayuka da dama suka salwanta. Yaran da suka taso cikin waɗannan al'amura su ne malami zai miƙa wa littafi ya ce su karanta.

Ra'ayin da wannan maƙala take son kafawa shi ne, littafin da ya fi dacewa da irin wannan ɗalibi shi ne wanda tauraronsa ya fita daga ƙunci ta hanyar da mai karatu zai iya bi da ƙafarsa. Da wannan ma'auni na zaɓo littattafan da na fi ƙauna a kan matasa da juriya.

Haƙuri da Juriya

Bahaushe ya ɗaukaka haƙuri, har ya ce mahaƙurci mawadaci. Amma shi ne kuma ya ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Juriya ita ce haƙurin da ya haɗu da motsi: mutum ya daure wa abin da ba shi da ikon sauyawa, ya kuma tashi tsaye a kan wanda yake da iko. Marubuta da yawa sukan tsaya a rabin farko. Za a tara wa yarinya maraici da kishiyar uwa da talauci, ta yi ta kuka har babi na ƙarshe, kwatsam sai wani attajiri ya tsaya da mota ya aure ta. Labarin yana da daɗin karantawa, amma darasin da yarinyar Gandi za ta ɗauka a cikinsa shi ne ta zauna jiran mota. Wannan ba tarbiyya ba ce da makaranta za ta sa hannu a kanta.

Littattafan da Suka Cika Ma'auni

Jigon yaro cikin wahala tsoho ne a rubutaccen zube na Hausa. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan gasar 1933, labarin yaro ne da aka sace, aka bautar, aka ƙetare Sahara da shi. Abin da ya fanshe shi ilimi ne da ya nace wa nema, har ya komo ƙasar Hausa yana malami. Yaron da ya ji labarin satar mutane a ƙauyensu ba zai ɗauki wannan littafi a matsayin tsohon zance ba.

Na fi jinjina wa Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. An cire Abu daga makaranta tana ƙarama, aka aurar da ita ga dattijo, Sarkin Noma, ba da son ranta ba. Bayan ta sha azaba ta gudu Kano wurin wata 'yar uwar iyayenta, ta koma karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya. Ƙarfin littafin yana cikin matakan da marubuciyar ta bi. Ba dare ɗaya Abu ta tsira ba. Ta samu babba ɗaya a dangi da ta tsaya mata, ta samu aji, ta yi shekaru tana ƙoƙari. Duka ukun abubuwa ne da ake iya samu a Goronyo kamar yadda ake samu a Kano.

Alhaki Kuykuyo Ne, na wannan marubuciya, yana koyar da malami yadda zai rarrabe tsaki da tsakuwa a cikin littafi guda. Auren da Saudatu ta yi da mai dukiya shi ne abin da ɗalibai za su fara tunawa. Aikin malami shi ne ya mayar da hankalinsu ga Rabi, uwar da miji ya kora da 'ya'yanta, ta kama sayar da abinci ta riƙe su da guminta. A tukunyar Rabi juriyar littafin take.

Daga cikin na baya-bayan nan akwai Born on a Tuesday na Elnathan John, wanda aka buga da Ingilishi a 2015. Tauraronsa Ɗantala almajiri ne da ya faɗa cikin 'yan bangar siyasa, rikicin zaɓe ya kore shi ya gudo Sakkwato, wani malami ya riƙe shi a masallaci. Da ya ziyarci ƙauyensu sai ya tarar ambaliya ta hallaka ƙannensa mata, baƙin ciki ya ɗauke wa mahaifiyarsa magana. Duk wanda ya ga 2010 a gaɓar Rima zai gane wannan hoto. Ɗantala ya rayu ne da son koyo da riƙon amanar abota, kuma marubucin bai yi masa alfarmar kyakkyawan ƙarshe ba. Akwai wurare a littafin da suka yi tsiraici da yawa ga ɗan ƙaramar sakandare, saboda haka ina ganin karatun malami ne domin ya fahimci zuciyar almajirin da ke zaune a bayan ajinsa.

Gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016 domin mata marubuta gajerun labarai, ta ƙara faɗaɗa wannan fage. Labarin da ya fara lashe ta, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan rayuwar 'yan gudun hijira yake. Gajeren labari kuwa yana da fa'idar cewa ana iya karance shi a darasi ɗaya, a makarantar da littafi guda yake zagaya ɗalibai masu yawa.

Hujjojin Masu Saɓani

Akwai masu cewa karanta wa yaron da ya rasa mahaifi labarin rashi fami ne ga gyambo. Maganarsu tana da gaskiya a ciki, kuma ita ce ta sa bai kamata malami ya nuna wani ɗalibi da yatsa ya ce ya ba da labarin gidansu ba. Amma shiru ma ba ya warkar da ciwo. Yaron da ya kasa cewa "ni" yakan iya cewa "Umar" ko "Abu", ya faɗi abin da ke ransa a bayan sunan tauraro, mutuncinsa a rufe. Wannan kariya ce da adabi kaɗai yake bayarwa a cikin aji.

Akwai kuma masu kallon duk littattafan da aka yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano a matsayin masu ɓata tarbiyya, muhawarar da ta yi zafi tsakanin masana a shekarun 1990. Ba a musun cewa akwai baragurbi a cikinsu. Sai dai hukuncin jimla zalunci ne, domin a wannan kasuwa Wa Zai Auri Jahila? ya fito. Malamin da ya karanci nazarin adabi an horar da shi ne domin ya tace, kuma wanda ya yi watsi da rumbu duka saboda 'yan ƙwari shi zai kwana da yunwa.

Abin da Ya Rataya a Wuyan Malami

Kafin malami ya shigar da littafi aji, ya yi masa tambayoyi uku. Me tauraron ya aikata da hannunsa? Wa ya taimake shi, kuma ana samun irin wannan mataimaki a garinmu? Me ya rasa wanda bai dawo ba? Tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin littafin da ya mayar wa tauraro duk abin da ya rasa ƙarya yake yi wa maraya. Shaihu Umar ya sadu da mahaifiyarsa bayan ita ma ta ɗanɗani bauta wajen nemansa, amma ba ta daɗe ba ta rasu. Wannan gaskiya ce ta sa littafin bai tsufa ba.

Bayan karatu kuma sai rubutu. A sa ɗalibai su ƙagi labarin yaron da ke ban-ruwan albasa da asuba kafin ya tafi makaranta, ko na yarinyar da ta yi jarrabawa daga sansanin gudun hijira, a bar su su sa Sakkwatancinsu a bakin taurarinsu. Ɗalibin Rabah ya riga ya san cewa Sardauna Ahmadu Bello ɗan garinsu ne, ya rasa mahaifi yana yaro, kuma da aikin koyarwa ya fara. Abin da yake bukata shi ne a nuna masa cewa rayuwar maƙwabcinsa ma ta isa a rubuta.

Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa darajar labarin wahala tana ga hanyar fita da ya shimfiɗa wa mai karatu. A yawancin littattafan da aka ambata, matashin ya tsira ne saboda ilimi da kuma wani babba guda da ya ƙi juya masa baya. Ga yara da yawa a gabashin Sakkwato, wannan babba shi ne malamin da ke tsaye a gaban allo. Ya kamata ɗalibin kwalejin ilimi ya san haka tun kafin a ba shi takardar kama aiki.